Kawu a Tsallaken Ruwa

Abu Hail, Dubai
Fabrairu 2004

Zuwa ga taubashiyata Safiatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Umma? Innata ta ce mini ƙafafun mahaifiyar taki sun sake kumbura, kunnenta kuma ya ƙara nauyi. Allah ya ba ta lafiya. Ni ina nan ƙalau, sai aiki. Har yanzu ina kasuwar Murshid Bazar, ina ɗaure kayan 'yan kasuwa ana lodawa a kwantena.

Yau ba zan tsokane ki ba, Malama. Maganar da zan yi ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba Alhaji Abukari takardar nan ya bi da ita ta Kano.

Makon jiya maigidana ya aike ni tsallaken ruwa in ɗaure wa wata Baturiya zane-zanen da za ta aika ƙasarsu. Ruwan teku ne ya shigo ya raba garin nan biyu, ana hayewa da kwalekwale mai inji da suke kira abra. Unguwar da na je sunanta Bastakiya. Shekarata biyar a garin nan, ina zuwa kasuwar yadi da ke maƙwabtaka da ita, amma ban taɓa shiga ba. Safiya, kamar an ɗauko lungunan Birni na Damagaram an ajiye a bakin teku. Hanyoyin matsattsu ne, bangon dutsen teku ne mai huji-huji. A kan kowane gida akwai wata hasumiya buɗaɗɗiya ta gefe huɗu, sanduna sun fito a jikinta, wai ita ke kamo iska ta tura ɗaki tun kafin zuwan lantarki. Barjil suke ce mata. An ce fataken Farisa ne suka gina unguwar fiye da shekara ɗari, jikokinsu suka tashi suka koma sababbin gidaje. Yanzu ana gyara gidajen ɗaya bayan ɗaya, ana mai da su wurin rataye zane da hotuna, baƙi na shiga suna kallo suna shan gahawa.

A ɗakin da nake aikin an jera tsofaffin hotunan garin, baƙi da fari. Ina tsugune ina naɗe kwali, na ɗaga kai, sai na ga Kawu Ɗalhatu. Yana saukowa daga jirgin ruwa a kan wani katako, da buhu a kafaɗa, ya juyo yana dariya. Tsagar nan ta kumatunsa, wushiryar nan, goshin nan. Hoton da ke ɗakin innata na girma ina kallo, ba zan kasa gane fuskar ƙanenta ba. Kuma fuskarki ce sak. Sai da Baturiyar ta ba ni ruwa na sha.

A ƙasan hoton an rubuta: masu dako a bakin ruwa, 1980. Kin ga ke nan shekara uku bayan ya tafi aikin hajji yana raye, kuma ba a Jidda ba, inda alhazai suka ce sun yi masa ganin ƙarshe. Baturiyar ta ce wanda ya ɗauki hoton ya daɗe da mutuwa, ba ta san kowa a ciki ba.

Ban faɗa wa innata ba. Ke ce 'yarsa, ke za ki san yadda za a yi da Umma.

Naki,
Issoufou

*

Damagaram
Afrilu 2004

Issoufou,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa. Yara lafiya, maigida yana gaishe ka. Zafi ya shigo sosai, ajina ya zama kamar tanda. Takardarka ta yi wata guda a jakar Alhaji Abukari kafin ya tuna da ita.

Na karanta sau uku a tsaye a ƙofar lakwal, makarantar da nake koyarwa. Ban yi kuka ba. Mutumin da ya tafi ina ciki, me zan tuna in yi kuka a kai? Na ninke ta na kama hanyar gida.

Ga abin da ya faru, kuma ban san yadda zan gyara ba. Na tarar da Umma a kwance, kwana da kwanaki ba ta cin komai sai kunu. Na zauna kusa da kunnenta mai ɗan ji ina karanta mata da ƙarfi. Da na zo wurin da ka ce ka ɗaga kai ka ga Kawu, sai ta tashi zaune. Ta ce, "Ya gan shi?" Na ce, "Umma, a hoto ne." Ta ce, "Yana dariya, ko? Haka yake. Ko da kaya a kansa sai ya yi dariya." Na sake cewa hoto ne, tsohon hoto. Ko ba ta ji ba, ko ba ta so ta ji, Allah kaɗai ya sani. Ta ce in kawo mata tuwo. Ta cinye, Issoufou. Ta nemi ƙari.

Daga ranar ban sake ambatar hoto ba. Ka sani sarai yadda dangi suka yi da ita a kan ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Manema sun zo ta kore su. An kira ta mahaukaciya a garin nan. Yanzu duk wadda ta shigo dubiya sai ta ce mata, "Issoufou ya ga Malam mijina a Dubai, dako yake yi." Har innarka ta ji, ta zo tana kuka tana tambayata me ya sa ka ɓoye mata. Ita na ja ta gefe na gaya mata gaskiya. Sai ta ce a bar Umma tukuna.

Kada ka aiko da hoton. In ta gan shi za ta gane saurayi ne a ciki, ba tsoho ba.

Ka koma unguwar nan don Allah. Ka tambayi tsofaffi. Ko kabari ne ka samo mana, mu san inda za mu fuskanta.

Safiatou

*

Abu Hail
Mayu 2004

Safiya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Umma sauƙi. Na ji abin da ya faru, ban ga laifinki ba. Da ni ne ma haka zan yi.

Duk Jumma'a bayan masallaci ina hayewa. Wahalar ita ce unguwar ba ta da mutanenta. Masu gyaran gini baƙi ne, masu sayar da zane baƙi ne, masu kallo baƙi ne. Gidajen suna nan an shafe su tas, an sa musu fitilu, har da guntun ganuwar garin ta dā an kewaye da sarƙa ana nuna wa mutane. Amma ka tambayi wa ya kwana a ɗakin nan shekara ashirin da suka wuce, ba mai ba ka amsa. Wani mai aikin gyara ya ce mini bayan masu gidajen sun tashi, lebura aka riƙa zubawa a ciki, mutum goma a ɗaki. Ya ce kusan rabin unguwar ma an rushe tun tuni an yi ofisoshi.

Sai dai wani mai shayi ya ce akwai wani tsoho, Hadi, da ya yi tuƙin abra tun ana tuƙawa da hannu. Ya ce ba baƙin mutumin da ya zauna a unguwar nan wanda Hadi bai sani ba, kuma ya sha ganin su tare da wani mai tsaga a fuska. Yanzu tsohon yana wurin 'yarsa a garin Sharja, ba ya jin daɗi, amma yakan zo. Ina jira.

Zan rubuto da zarar na gan shi.

Issoufou

*

Damagaram
Agusta 2004

Issoufou,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, damina ta yi rowa bana, gero duk ya tsaya. Ban san ko kai lafiya kake ba, tunda wata uku ba takarda, lambar shagonku kuma in na kira daga gidan waya sai wani Ba'indiye ya ce ba ka nan.

Ka ce mai shayi ya sha ganin su tare. Na yi ta juya kalmar nan. Yaushe ya gan su? Dā, ko yanzu? Ba ka faɗa ba. Sannan ka yi shiru. Ni na san abin da shirun nan ke nufi. Ka same shi. Yana da mata Balarabiya ko 'yar wata ƙasa, da 'ya'ya manya, ya ce maka bai san mu ba, kai kuma kunya ta hana ka faɗa. In haka ne ka rubuto kawai. Ni ba yarinya ba ce.

Umma ta sa an yi wa ɗakin zaure sabon yaɓe, an shafa farar ƙasa. Ta sa an fito da buzunsa na salla an shanya. Ran nan na tarar tana tambayar maigidana ko jirgin Dubai a Yamai yake sauka ko a Kano, don tsoho ba zai jure doguwar mota ba. Maigidana ya dube ni, na dubi ƙasa. Jikinta ya yi kyau fiye da duk shekarun nan, har tana fita tsakar gida ta tsince shinkafa. Kullum na ga haka sai in kau da kai, don na san a kan me ta tsaya.

Ni ce na ce ka nema. Wani lokaci ina cewa da ban ce ba.

Safiatou

*

Abu Hail
Satumba 2004

Safiatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Umma da innata da kowa. Na tarar da takardarki a shago. Ba ɓuya na yi ba. Bizata ce ta ƙare, aka tura ni wani tsibiri na Iran da ake kira Kish in jira sabuwa. Wanda ke yi mana takardun ya ce mako ɗaya, sai da na haura wata biyu a can, mu da yawa a ɗaki, ba aiki ba labari. Na dawo da ciwon ciki amma na warke.

Ki sami wuri ki zauna. Kada ki karanta wannan a gaban Umma.

Na ga Hadi ranar Jumma'ar da ta wuce, da hantsi, a gindin wata bishiya kusa da masallacin unguwar. Tsoho ne ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Na kai shi ɗakin hotunan, ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi. Sai ya ce, "Abu Mumin." Ya sake faɗa. Ya juyo ya kama fuskata da hannu biyu ya ce, "Kai ne ɗan?" Na ce a'a, ni ɗan yayarsa ne.

Ba shi da wata mata, Safiya. Bai taɓa yin wani aure ba. Wannan ki cire shi daga ranki.

Hadi ya ce Kawu ya zo daga Jidda a jirgin kaya. Guzurinsa ya ƙare a can, ya ji ana samu a Dubai, ya ce zai yi shekara ɗaya ya koma gida da abin hannu. Ɗaki ɗaya suka zauna da Hadi, a cikin gidajen da aka rushe daga baya. Ba a daɗe da ɗaukar hoton nan ba, igiya ta tsinke a bakin ruwa, akwatin ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa. Aka yanke ta daga gwiwa. Attajirin da yake yi wa dako ya tausaya masa, ya sa shi gadin wani tsohon gidansu da suka mai da wurin ajiyar kaya. A nan ya zauna.

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ƙirga da yatsu ya ce, "Shekara uku ke nan da muka binne shi. Da zafi. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba."

Shekara uku, Safiya. Na ce ya sake faɗa, ko Larabcina ne ya gaza. Ya sake. Ina garin nan shekara biyu cur Kawu na raye. Ina namu gefen, a Deira, ina ɗaure kwali, shi yana tsallaken ruwa a bakin ƙofa da sandarsa. In na hau abra ina hango hasumiyoyin unguwar. Na yi ta matsa ƙwaƙwalwata ko na taɓa gilma wani gurgu a hanyar kasuwar yadi, ban tuna ba.

Na tambayi Hadi me ya hana shi komawa, ko aƙalla ya yi aike. Ya ce ya yi masa wannan faɗan har ya gaji. Kawu yakan ce ya bar gida da ƙafa biyu da alkawari, ba zai koma a riƙa ɗaukarsa ana ajiyewa ba. Da farko yana cewa sai ya tara abin da zai sa ƙafar roba. Daga baya ya ce an daɗe, matarsa ta yi aure, yaron yana kiran wani baba, komawarsa ɓarna ce. Hadi ya ce a shekarun baya da mutanenmu suka fara yawa a garin, in Kawu ya ji ana tahowa ana yaren nan namu, sai ya ja rawani ya rufe kumatunsa ya sunkuyar da kai har su wuce. Bayan sun wuce kuma ya yi ta bin su da kallo. Ranar ba ya cin abinci.

Sunan kuwa, kin san Larabawa da kiran mutum da sunan ɗansa. Da suka tambaye shi, ya ce ya baro matarsa da ciki, Abdulmumin ne sunan. Da shi aka san shi a unguwar har ya mutu. Da na gaya wa Hadi mace aka haifa, malamar makaranta ce, da 'ya'yanta, kuma Umma ba ta taɓa yin aure ba, sai ya zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin mutane ya rufe fuska. Ya ce, "La haula. Da ya sani. Wallahi da ya sani." Masu kallon hotuna suka riƙa ratsa mu suna fita.

Ya nuna mini gidan. Lungu biyu ne daga inda hoton yake. Ana cikin gyaransa, an ce wurin shan gahawa za a yi. Ɗan ɗakin da ke bayan ƙofa, inda ya kwana shekara ashirin, an kankare shi an yi sabon shafe. Na shiga na tsaya, ba komai sai warin siminti. Ma'aikatan suka ce in fita maza, kada in taka musu aiki.

Mun je maƙabarta da la'asar. A nan ba a rubuta suna, duwatsu ne kawai a jere. Hadi ya nuna wani sashe ya ce tsakanin nan da can ne. Na yi addu'a a kan duka.

Ban san yadda za ki yi ba. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Issoufou

*

Damagaram
Nuwamba 2004

Issoufou,

Wa alaikumus salam. Barka da salla. Yaya cikin naka? Ka riƙa kula da abin da kake ci. Ka yafe mini zargin da na yi maka, da kuma daɗewar amsa.

Na riƙe takardarka duk watan azumi ban faɗa wa kowa ba sai maigidana. Ba baƙin ciki na fara ji ba, fushi ne. Da ka ce ya mutu tun ina goye, da na yi masa addu'a na huta. Amma ina aji uku ana tsokanata marar uba, yana raye. Aka ɗaura mini aure ƙanen kakana ya yi walicci, yana raye. Na haifi ɗan fari, yana raye, yana zaune a bakin ƙofar wasu yana gadin buhuna. Saboda ƙafa ɗaya. Wa ya ce masa ƙafa muke jira? Kuma ko a ransa ma ba ni ba ce, wani Abdulmumin ne. Na san bai kamata in faɗi haka a kan mamaci ba. Kai kaɗai nake faɗa wa.

Bayan salla da kwana biyu na gaya wa Umma. Da safe ne, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, innarka na gefenta. Na durƙusa na sa bakina a kunnenta na faɗi komai, ban rage ba. Wannan karon ta ji. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi hannunta ta ce, "Wace ƙafar?"

Na ce ba ka faɗa ba.

Ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na ce abokinsa, wani tsoho mai suna Hadi, yana wurin. Ban sani ba ko shi ya yi, amma haka na ce. Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ba a wulaƙance ya tafi ba."

Sai bakina ya kuɓuce na yi maganar sunan. Ta dube ni ta ce, "Suna biyu ya bar mini a zaure ranar da zai tafi. In namiji ne Abdulmumin, in mace ce Safiya, sunan kakarsa. Su can da sunan namiji suke kiran mutum, shi ya sa ya ba su wancan." Ban taɓa jin wannan ba a rayuwata. Na dubi innarka, ta kau da kai. Ban sani ba ko gaskiya ne ko Umma ce ke rufa masa asiri kamar kullum. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Washegari aka yi sadaka, mutane suka cika gida. Umma ta cire 'yan kunnenta da awarwaronta ta miƙa mini, ta ce in ɗauke kwalli da turare daga ɗakinta, za ta shiga takaba. Malam Mika'ilu limamin unguwa ya zo har ƙofar ɗaki ya yi mata bayani cewa tunda rasuwar ta shekara uku, lokacin ya riga ya wuce, ba komai a kanta. Ya faɗa da ƙarfi har sau biyu don ta ji.

Ta ce, "Na ji, Malam. Allah ya saka da alheri. Amma ni jiya mijina ya mutu."

Malam ya sa takalminsa ya fita.

Tana ciki yanzu. Cin abincin ya koma kamar dā, kunu kaɗan, ƙafafun kuma sun fara kumbura. Na dawo gidan da yara ina kwana da ita. Ta ce in gaya maka abu biyu. Ka gaida Hadi, ka ce masa matar Ɗalhatu ta gode. Kuma ka tambaye shi wace ƙafar ce.

Ka yi sauri da amsa, Issoufou.

Taubashiyarka,
Safiatou